Ko hoton ƙwaƙwalwa zai nuna cewa mutum saikofat ne?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ƙanina ɗan shekara 27 ne, ga daɗin baki, amma ƙarya ta zame masa jiki. Ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarmu, da aka tsare shi kuwa ko a jikinsa. Wani ya ce mana saikofat ne, mu je a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Hoton zai nuna? Daga wata baiwar Allah a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ku haƙuri. Kada ku kashe kuɗinku a kan hoton, ba da shi ake gano wannan hali ba.

Saikofat ba mahaukaci ba ne. Hankalinsa garau, ya san daidai ya san akasinsa. Abin da ya yi masa ƙaranci shi ne tausayi, da nadama, da tsoron abin da zai biyo baya. Tun 1941 wani likita a Amurka, Hervey Cleckley, ya zayyana irin waɗannan mutane.

Ma'aunin da aka fi dogaro da shi, PCL-R, masanin halayyar ɗan Adam Robert Hare na Kanada ne ya fitar da shi a 1991. Halaye 20 ake dubawa, irin su yaudara, girman kai, rashin nadama da rayuwa a kan gumin wasu. Kowanne makinsa 0, 1 ko 2, jimla ba ta wuce 40, kuma a Amurka sai mutum ya kai 30 ake sa shi a wannan sahu. Ƙwararre ne ke zama da mutumin su yi doguwar hira, sannan ya bi tarihinsa a rubuce, domin wanda ya iya ƙarya zai iya yi wa mai gwajin ma. An kiyasta kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kai wannan maki.

Ƙwaƙwalwa kam tana da hannu. Bincike, har da wanda Kent Kiehl ya yi a gidajen yarin Amurka da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, ya nuna bambanci a amigdala, wadda ke sarrafa tsoro, da kuma gaban ƙwaƙwalwa inda ake auna sakamako. Sai dai wannan bambanci a kan taron jama'a yake fitowa, ba ya yanke hukunci kan mutum guda. Masanin ƙwaƙwalwa James Fallon ya ga hoton tasa ya yi kama da na masu kisa, alhali bai taɓa kashe kowa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a liƙa wa yaron nan suna a bar ainihin ciwon. Shaye-shayen tiramol ko kodin, da cacar ƙwallo ta waya, suna sa matashi ya sayar da kayan uwarsa ya kuma musanta. Wannan kuwa ana maganinsa. Ku lallashe shi ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wani babba da ya san shi tun yarinta ya raka shi. Kafin nan ku killace kayan Mama, ku kuma daina biya masa bashi a ɓoye.