Tambaya Mabuɗin Ilimi: "Anti, in na naɗi muryarsu a ɓoye laifi ne?"

Assalamu alaikum masu karatu. Da alama lokacin furojet ya kama, dan saƙonnin da suka shigo min wannan karon kusan duk akan abu ɗaya suke yawo, wato shiga gidajen mutane da takarda da biro ana musu tambayoyi da sunan bincike. Na zaɓo guda huɗu, ɗaya ma ba ɗalibi bane, shi aka yiwa tambayoyin. Kamar kullum na cire sunaye.

Daga wata ɗaliba a Zariya:

"Salam Anti, ya aiki ya iyali. Ina ajin ƙarshe a sashen nazarin zamantakewa, furojet ɗina akan zawarawa ne, yadda suke rayuwa bayan aure ya mutu. Matsalar itace da na ciro waya nace zanyi rikodin sai kowacce ta kama bakinta, sai dai kiji Alhamdulillah komai lafiya, amma ina maida wayar jaka sai labari ya ɓarke har da kuka. Ƙawata tace in kunna rikoda tun daga zaure in saka cikin hijabi tunda ai ba sunansu zan rubuta ba. Lokaci ya ƙure min wallahi. Laifi ne?"

Wa'alaikis salam ƙanwata. Eh laifi ne, kuma ina ga kema zuciyarki ta riga ta faɗa miki, shiyasa kika rubuto min maimakon ki kunna kawai. Duba fa, shirun da matan nan sukeyi in sun ga waya amsa ce suka baki, sun ce miki a'a ba tare da sun buɗe baki ba. Labarin da suke baki bayan kin maida wayar jaka ke suka bawa, 'yar uwarsu mace da ta zauna akan tabarmarsu ta sha ruwansu, ba wayarki suka bawa ba. In kika naɗa a ɓoye kin ɗauki abinda aka hanaki ne, ko da an saka miki A.

Nasan zakice ni ai ba allura nake musu ba, hira ce kawai. To bari in baki asalin dokokin nan da kike gani kamar takura ce. A garin Taskigi na jihar Alabama a Amurka, daga 1932 har zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnati ta dinga bin wasu maza baƙar fata su 600, yawancinsu talakawan manoma, 399 daga ciki suna ɗauke da ciwon tunjere. Ba a faɗa musu cutar dake jikinsu ba, cewa akayi ana musu maganin lalataccen jini, ana basu abinci kyauta da kuɗin binnewa in mutum ya mutu, alhali masu binciken so suke kawai su ga yadda cutar ke cin mutum in ba a yi magani ba. Har fenisilin ya fito ya zama maganin da kowa ya sani, ba a basu ba. Shekara 40 ana wannan abu sai da jarida ta fallasa. Bayan wannan abin kunyar ne aka fitar da rahoton Belmont a 1979, wanda ya tsaya akan abu uku: a mutunta mutum a bashi zaɓi, a tabbatar amfanin binciken ya rinjayi cutarwarsa, kuma ayi adalci wajen waɗanda ake ɗorawa nauyin binciken. Sai a 1997 shugaba Bill Clinton ya fito ya basu haƙuri, lokacin kaɗan ne suka rage da rai. Kuma kada ki ɗauka masu binciken suna ganin kansu azzalumai ne, a'a, cewa sukeyi ilimi suke nema.

Yanzu dawo kan zawarawanki. Magana a wajenmu tafi allura shiga. Matar da ta faɗa miki abinda uwar miji ta mata, ko abinda ya faru tsakaninta da mijin a ɗaki, in muryar nan ta fita zata iya jawo a ƙwace mata yara, ko kome ɗin da manya ke ta ƙoƙarin shiryawa ya wargaje, ko bazawarin dake zuwa zance ya ɗauke ƙafa. Kuma ta yaya murya ke fita? Ba sai kinyi niyya ba. Ƙaninki ya ari wayar, ko ta lalace ki kaita wajen mai gyara, ko a ƙwace miki ita a cikin adaidaita, shikenan.

Sannan batun "ba sunansu zan rubuta ba" ɗin nan, anan ɗalibai da yawa ke faɗuwa. In kika rubuta "wata bazawara 'yar shekara 27 mai 'ya'ya uku, tana tuyar awara a ƙofar gida, tsohon mijinta direban tanka ne", kuma a babi na uku kin riga kin faɗi sunan unguwar, to wa kika ɓoyewa? Duk wanda ke unguwar ya ganeta kafin ya ƙarasa layin. Ki sauya suna, ki faɗi shekaru a dunƙule kamar tsakanin 25 zuwa 30, ki cire sana'ar mijin in ba dole, sunan unguwa ma in ƙarama ce ki barshi.

Abinda zakiyi shine ki ajiye wayar, ki koma littafi da biro, shima bayan kin tambaya. Ki faɗa mata da Hausar da zata gane, ba ki karanto mata fom ɗin turanci ba: ni ɗaliba ce, aikin makaranta nakeyi, ba tallafi na kawo ba, malamaina zasu karanta kuma za'a ajiye a laburare, duk tambayar da bakiso ki ce min in wuce, in kin gaji mu tsaya, in ma gobe kika ji baki yarda ba ki aiko in cire naki. Zakisha mamaki, in kika koma sau biyu sau uku wasu da kansu zasu ce kunna abin naki. Wadda ta yarda ki nuna mata inda ake dannawa a tsayar, ki saka fasuwad, in kin gama kwafewa a takarda ki goge. In kuma kuka ya zo ki rufe littafin, ki zama mutum tukunna. Mata goma da suka yarda sun ishe ki furojet mai kyau, kije ki samu sufabaiza ɗinki ki masa bayani, ki kuma tambaya ko akwai kwamitin ɗa'ar bincike da ya kamata su duba tambayoyinki.

Daga wani magidanci a wani ƙauye kusa da Gumel:

"Malama barka da aiki. Watannin baya wasu matasa suka zo garinmu da manyan wayoyi, mai unguwa yasa akayi shela kowane maigida ya fito. Suka tambaye mu buhu nawa muka noma, mata nawa 'ya'ya nawa, sau nawa ake ɗora tukunya, suka ɗauke mu hoto muka dangwala, aka bamu sabulu. Mu duk mun ɗauka tallafi za'a kawo, har yau shiru. Shin dole ne mutum ya amsa irin wannan? Kuma ina hotunanmu suka tafi?"

Barka kadai Malam, Allah ya ƙara girma. Ba dole bane. Binciken ɗalibi ko na wata ƙungiya, kana da ikon kace bazaka amsa ba, ko ka amsa wasu ka bar wasu, ko kace a tambayeka amma banda hoto, kuma ba wanda ya isa ya hanaka wani haƙƙinka saboda haka. Inda hotunan suka tafi kuwa, su ya kamata su faɗa muku tun kafin su ɗauka, rashin faɗar ma kuskure ne babba. A Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane da aka sawa hannu a 2023, wadda ta ce mai karɓar bayananka ya sanar dakai me zaiyi dasu.

Ni abinda yafi damuna a labarinka shelar nan ce. Zuwa wajen mai unguwa ko dagaci daidai ne, baƙo baya shiga gari ta katanga. Amma izinin mai unguwa ƙofar gari kawai ya buɗe, bai buɗe bakin kowa ba. Wanda aka kirashi da shela, mai unguwa na zaune akan kujera yana kallo, ta ina zai ce a'a? Haka matar da maigidanta yace fito ki amsa musu, shima iznin shiga gidan ya bayar, yardarta daban ce, sai an tambayeta ita kaɗai. Dangwalen da kukayi akan takardar da ba a karanta muku ba tawada ce kawai. Kuma inaga matasan nan sun lura sarai kuna tsammanin tallafi, sukayi shiru saboda layi ya cika. Sabulu ko ɗan kuɗin mota dan an cinye maka lokacin gona ba laifi, amma kada kyautar ta kai girman da mai yunwa bazai iya ƙin amsawa ba.

Mu nan arewa mun san kuɗin wannan wasan. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, yara kusan 200 aka saka a gwajin, rabi aka basu sabon maganin rabi wanda aka saba, 11 suka rasu. Iyaye sun kai ƙara sunce ba a musu bayanin cewa gwaji ake ba, kamfanin ya musanta laifi, daga ƙarshe a 2009 akayi sulhu da gwamnatin Kano akan dala miliyan 75. Da aka zo rikicin ƙin rigakafin shan inna a 2003, wannan labarin na cikin abinda mutane ke kafa hujja dashi. Wancan binciken magani ne, naku na tambaya ne, amma mutumin ƙauye baya rarrabewa, duk baƙo mai fom ɗaya ne a wajensa. Gaba in masu tambayoyin nan sun dawo ka tambayesu: wa ya turo ku, me za'ayi da amsar, akwai abinda zai biyo baya ko babu, wa zan kira in ina da ƙorafi. Mai gaskiya bazai ji haushi ba.

Daga wani ɗalibi a Maraɗi:

"Anti ina bincike akan almajirai, malaminsu ya amince har yace in tambayi duk wanda nakeso. Ya wadatar?"

Bai wadatar ba ɗana. Izinin malam dole ne tunda shine a madadin iyaye, amma yaron ma sai ka tambayeshi, in ya noƙe ka ƙyaleshi. Kada ka tambayi yaro ko ana dukansa ko yana ƙoshi a gaban malam ko gardawa, ko dai ya maka ƙarya ko ya faɗi gaskiya ya sha bulala bayan ka tafi. Ku zauna a fili inda ana hangoku amma ba a jinku. Kada ka masa alkawarin ba wanda zai ji, dan in ya faɗa maka abinda ke barazana ga rayuwarsa bazaka iya yin shiru ba, gara ka tsara tun yanzu wa zaka sanar. Hoton yaro da roba a hannu kuma dan Allah a barshi, ya isa haka a intanet.

Daga wata mai karatu a Kumasi:

"Anti ina cikin wani gurup na matan aure a WhatsApp, ana tattauna matsalolin gida sosai. Zan iya kwashe maganganun in yi amfani dasu a bincikena? Ai su suka rubuta da hannunsu."

Sun rubuta, amma wa suka rubutawa? Gurup ɗin da sai an saka mutum yake shiga tsakar gida ne, ba kasuwa ba. Ko Facebook da girmansa bai sha ba: a 2014 aka gano cewa a 2012 sun ɗauki sati guda suna sauya abinda mutane kusan 689,000 ke gani a shafinsu, wasu a rage musu labaran daɗi wasu a rage na baƙin ciki, dan a ga ko yanayin rubutunsu zai canza, ba tare da an tambayi kowa ba. Suka ce ai kowa ya danna na yarda lokacin buɗe akawun, duniya kuwa ta musu ca. Ke ki fara da admin, sannan ki rubuta a gurup ɗin ki faɗi ko ke wacece da abinda kikeson yi, wadda keso ta biyoki ta firabet kuyi hirarku daban. Banda sikirinshot, kuma ko wadda ta yarda kada ki kwafi kalamanta harafi da harafi in 'yan gurup zasu gane salon rubutunta. In admin tace a'a, ki nemi matan ta wata hanyar, makarantar Islamiyya ko ƙungiyar adashi, kiyi sallama ki gabatar da kanki.