Me ya sa lambobi da yawa ke raba 720720?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Tawa. Malaminmu na lissafi ya rubuta 720720 a allo, ya ce kowace lamba daga 1 zuwa 16 tana raba ta ba saura. Yaya zan tabbatar da hannu, kuma lambobi nawa ke raba ta duka?

Amsa: Ƴata, malaminku ya faɗi gaskiya, kuma ba sai kin yi rabawa sau goma sha shida ba. Dubi yadda aka rubuta lambar: 720 ce aka maimaita. Duk lamba mai alƙaluma uku da aka maimaita haka, ita ce sau 1001. Shi kuwa 1001 daidai yake da 7 × 11 × 13. To, kin ga ta inda lambobin nan uku masu wuyar gwaji suka shigo.

Saura 720, wadda ita ce 16 × 9 × 5. Idan aka warware 720720 zuwa lambobin tushe, wato waɗanda ba mai raba su sai 1 da su kansu, za a samu 2 sau huɗu, 3 sau biyu, sai 5, 7, 11 da 13 sau ɗai-ɗai. Kowace lamba har zuwa 16 da waɗannan tubalan aka gina ta: 14 ita ce 2 × 7, 15 kuma 3 × 5. 720720 ce ma mafi ƙanƙantar lambar da dukkansu ke rabawa, abin da kuke kira PPCM a aji. A 17 take cijewa, sai 5 ta yi saura.

Wajen ƙirga masu raba ta ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ki ƙara 1 a kan yawan fitowar kowane tubali, sannan ki ninka: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Ana ƙara 1 ɗin ne domin mai rabawa na iya rashin ɗaukar tubalin sam. Wanda ya manta da shi 8 zai samu, kuma kuskure ne babba.

Ki kiyaye wani tarkon kuma. Don 2 da 6 sun raba lamba, ba lalle 12 ta raba ta ba; 18 shaida ce. Da 3 da 4 ake gwada 12, domin ba su da tubali na tarayya.

Abin da ya fi burge ni shi ne babu lambar da ke ƙasa da 720720 mai masu rabawa har 240, kuma ƙasa da miliyan ɗaya ba wadda ta ɗara ta. Irin waɗannan lambobi ne Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya, ya yi nazari a kansu a 1915. Tana kuma cikin lambobi masu yalwa, domin jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ta kai 2529072, fiye da ninkinta uku. Amma ba murabba'i ba ce, wato ba wata lamba ce sau kanta ba: 848 × 848 ya gaza ta, 849 × 849 kuma 720801 ne, ya wuce ta da 81.