Amsa kan zuwa gida Babbar Sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na saurari tambayar da ƙanenmu ya yi jiya a wannan zaure, wato shin ya biya kuɗin jirgi ya tafi Kano Babbar Sallah, ko kuwa ya zauna a Birmingham ya tura kuɗin gida a sayi rago a raba ragowar ga 'yan'uwa. Ƙanena, tunda Hajiya tana raye kuma Allah Ya hore maka, shawarata ita ce ka je, ko da kai kaɗai ne.

Na san lissafin da ke hana ka barci. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, fam ya yi nauyi a gida, har mutum ya riƙa ganin kuɗin tikitin iyali zai ciyar da gida guda wata da watanni. Ga kuma batun makaranta. A 2019 layya ta faɗo cikin Agusta ana tsakiyar dogon hutu, amma da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, yanzu ta bar wannan hutun, kuma wanda ya cire yaro daga aji ba izini a Ingila yana iya biyan tarar fam 80 kan kowane yaro. Duk wannan gaskiya ne, ban raina shi ba.

Sai dai akwai abin da kuɗi ba ya isar maka. A nan mukan yi Idi a filin Small Heath, a gaisa, wasu su wuce aiki, naman layya kuma ya zo daga mahauta a cikin kwali, a yanke tsaf. A gida kuwa, idan aka gama fiɗa, za ka ga tsohuwa ta zauna kan tabarma, ƙaurin babbakar kai da ƙafa ya cika tsakar gida, tana nuna kason nama tana cewa wannan cinyar ta gidan baffanka ce, wancan na maƙwabciyar da mijinta ya rasu bara, wannan kuma a ajiye wa almajirai. A wannan zaman ne za ka san wanda ya rasu, wadda aka aurar da wanda ciwo ya kwantar, abubuwan da ba a faɗa maka a waya don kada hankalinka ya tashi. Shi ya sa magabata suka ce zumunta a ƙafa take.

Ba zan ɓoye maka ɗacin ba. Za ka tarar ana yi maka shimfiɗar baƙo a gidan da aka haife ka, kuma bayan an ce barka da Sallah, wani zai zaro takardar asibiti, wata ta kawo zancen kuɗin makaranta. Kada ka ga laifinsu, rayuwa ta yi tsada. Ka ware abin da za ka iya tun kafin ka taso, ka damƙa wa Hajiya ko babban yayanku su raba, domin sun fi ka sanin mai buƙata ta gaske. Kada ka sauka a otal. Ka fara da gidajen da aka yi rasuwa ba ka nan, ka yi ta'aziyya, sannan ka ziyarci maƙabarta.

Hawan Daushe da Hawan Nassarawa abin kallo ne, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, amma a shekarar aka dakatar da shi saboda rikicin sarauta, don haka kada ka ɗora tafiyarka a kansa. Ka nemi hutu a wurin aiki tun yanzu, kuma ka sayi tikiti da wuri, ko ta Alƙahira ko ta Addis Ababa, kafin ya yi tsada. Ka gaishe mana da Hajiya, Allah Ya kai ka lafiya. Wassalam.