Me ya sa rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi ba ta gama da Boko Haram ba?

Mai tambaya na son sanin inda gizo ke saƙar, tunda ƙasashe sun haɗa sojoji. A tsarin yake. Tun 2015 hedikwatar rundunar tana Njamena, kwamandanta ɗan Najeriya ne, an kuma raba ta shiyya huɗu: Mora a Kamaru, Baga Sola a Chadi, Monguno a Najeriya, Diffa a Nijar. Sai dai sojojin kowace shiyya galibi a ƙasarsu suke aiki, gwamnatinsu ke biyansu, kuma umarnin babban birninsu ya fi na hedikwatar rundunar nauyi. Mayaƙa kuwa ba ruwansu da iyaka. A matsa musu a Borno, su faɗa tsibiran Chadi kafin a samu izinin binsu.

Ga harshe: wasu Turanci, wasu Faransanci, bayanan sirri sukan makara a hanya. Ga tafkin kansa. Idan ruwa ya cika, motar sulke ba ta da amfani, sai ƙananan jiragen ruwa da jiragen sama marasa matuƙi, waɗanda ba su wadata ba.

Ficewar Nijar a Maris 2025 ta bar ɓangaren Diffa wajen tsarin, nan ne kuma kogin Komadugu Yobe ya raba Nijar da Najeriya.