Kada ka sayar da keken ɗinkin nan tukuna

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da daddare, na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce kai tela ne a Tudun Wada, ka fara ɗaukar bidiyon ɗinkunanka da Tecno kana ɗorawa a TikTok da Facebook, amma sai su fito dishi-dishi, launin shadda ya canza, har kana tunanin sayar da keke ɗaya ka cika kuɗi ka sayi iPhone. Don Allah ka dakata. Shekara shida ke nan ina yi wa masu shaguna bidiyo a garin nan namu na Kaduna, daga Kasuwar Barci har Kawo, kuma shekara biyun farko da wayar da ba ta kai taka ba na yi su. Yawancin bidiyon da ake turo mini in duba, wayar ba ta da laifi. Duhu ne, sai hayaniya, sai hanyar da bidiyon ya bi kafin ya hau intanet.

Idon kyamarar waya ƙarami ne ƙwarai. In haske ya yi mata kaɗan, sai ta yi ta ƙoƙarin ƙarawa da kanta, shi ne kake ganin hoton ya yi yashi-yashi kamar an watsa masa gari. Na san irin shagunanmu: ƙofa ɗaya, ƙwan lantarki ɗaya, ɗinkuna rataye ko'ina. Ka fito da rigar bakin ƙofa inda inuwa take, hasken waje ya sauka a kanta, kai kuma ka juya wa ƙofar baya. Da yawa akasin haka suke yi, su tsaya cikin shago suna fuskantar titi, sai titin ya fito tas, rigar ta zama baƙar inuwa. Da hantsi ko bayan La'asar ya fi. Ranar Azahar tana ƙona farin yadi a hoto har aikin wuyan ya ɓace.

Maganar launi kuwa ta taɓa jawo mini asara. Na ɗauki wata shadda mai ruwan toka a wani shago, ƙwai mai rawaya yana kunne a sama, hasken rana yana shigowa ta ƙofa. A bidiyo sai ta fito kamar shuɗiya. Wata mata a Zariya ta gani ta biya, da kayan suka isa ta ce ba abin da ta zaɓa ba ne, ta dawo da su. Gaskiyarta ce, kuma ni na biya kuɗin mota. Waya ba ta iya daidaita launi in haske iri biyu ya haɗu. Tun daga ranar, in da rana nake aiki sai na kashe ƙwan. Ka kuma kashe abin nan mai gyara fuska, domin yana goge zaren surfani kamar yadda yake goge ƙuraje.

In dole sai da dare, fitilar nan mai zagaye tana taimakawa, amma kada ka dasa ta gaba da gaba da shadda. Shadda tana da maiƙo, za ta mayar maka da hasken ya zama farin tabo. Ka ajiye ta a gefe, ka ɗan ɗaga ta sama, ɗaya gefen kuma ka rataya farin yadi ya dawo da hasken. Yadi dai ba ka rasa shi ba. In ka ga layuka suna gudu a hoton ko haske yana ƙyafta ido, daga wutar ne: lantarkinmu a Najeriya yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, yawancin wayoyi kuma suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, sai su saɓa. Ka duba saitin kyamara, in akwai 25 ko 50 ka zaɓa. Wutar janareta ta fi kawo wannan matsalar.

Ka riƙa goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi kafin kowace ɗauka, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga har aljihu. Na sha ganin wannan kaɗai ya gyara bidiyo. Ka yi amfani da kyamarar baya, ta fi ta gaba. Kada ka jawo hoto da yatsa, ka taka da ƙafarka ka matsa. Ka danna kan rigar a allo ka riƙe har wayar ta kulle a wurin, don kada ta riƙa nema tana saki.

Murya ita ce abin da masu farawa suka fi rainawa. Mutum zai jure hoto mai ɗan dishi, amma in yana jin ƙarar keken maƙwabcinka da janareta da hon ɗin Keke Napep sun danne maganarka, zai wuce. Abin da nake yi wa teloli shi ne in ɗauki hoton kawai a shago. Maganar kuma a yi ta a gida bayan Isha'i, a kashe fanka, a zauna ɗakin da ke da labule da katifa don kada murya ta yi amsa-kuwwa, sannan a ɗora ta a kan hoton cikin manhajar gyara bidiyo irin CapCut ko InShot. In kana son yin magana kai tsaye, ƙaramin makirufo mai maƙalawa a wuyan riga ya isa, akwai shi a shagunan kayan waya na Ahmadu Bello Way. Ka gwada shi da wayarka a gaban mai shagon kafin ka biya.

Yanzu ga abin da nake zargi ya fi cutar da kai. Ka ce yaronka ne ke ɗauka ya turo maka ta WhatsApp. WhatsApp yana matse bidiyo don ya rage nauyi, TikTok ya sake matsewa, in kuma ka sauke daga TikTok ka kai Facebook an matse sau uku ke nan. Me zai rage? Ya turo maka ta Xender, ko ya aiko shi a matsayin fayil a WhatsApp ɗin, ta nan ba a taɓa shi. Ka ɗauka a 1080, wato lambar ingancin hoto da ke cikin saitin kyamara, ka fitar daga manhajar gyara a 1080, ka ɗora asalin a kowane dandali daban. A TikTok akwai maɓallin ɗora bidiyo mai inganci a cikin ƙarin zaɓi kafin ka wallafa, ka kunna shi. Rabu da 4K, saitin da ya fi 1080, a yanzu. Ɗigon hotonsa ya ninka na 1080 sau huɗu, zai cika maka waya ya cinye data, masu kallonka kuma a ƙaramin allo suke gani. Ka riƙe wayar a tsaye tunda TikTok da Facebook kake nufi, ka jingina ta da wani abu in ba ka da abin ɗorawa.

Ka goge rigar kafin ka ɗauka, kyamara ba ta ɓoye tamoji. Ka fara da aikin wuya kusa-kusa, sallamar ta zo a kansa, sannan hannu, aljihu, sai rigar gaba ɗaya a jikin mutum yana ɗan juyawa. Daƙiƙa 30 sun isa kaftani guda.

Gobe da misalin ƙarfe tara ka ɗauki riga ɗaya a bakin ƙofa, ƙwai a kashe, ka ɗora mana nan tare da tsohon bidiyon, ka kuma faɗa mini samfurin Tecno ɗin in nuna maka inda saitin yake. Allah ya sa albarka a sana'a.