Fitilar tashi da asuba da Raspberry Pi

Ɗan'uwa, ka ce ɗakinku a Jidda babu taga, ƙararrawar waya kuma tana tashin abokan kwana, kana son fitilar da za ta riƙa ƙara haske sannu a hankali kamar ketowar alfijir. Raspberry Pi Zero W, wato 'yar ƙaramar kwamfuta a kan allo guda, ya ishe ka.

Sai dai kada ka jona zaren fitilun LED mai bolt 12 kai tsaye da allon, don ƙafafunsa na GPIO, waɗanda ake jona wasu na'urori a kansu, bolt 3.3 kawai suke bayarwa, ƙonewa zai yi. Sa MOSFET, wato makunnin lantarki da allon zai riƙa sarrafawa, a tsakani, irin IRLB8721, ka tuƙa shi da PWM (kunnawa da kashewa da sauri don daidaita ƙarfin haske) daga GPIO 18, ka haɗa wayar GND (negetif) ta allon da ta wutar fitilun. Fitila mai ruwan ɗorawa ta fi fara sol daɗin ido.

Wurin da ake yawan kuskure shi ne hawan hasken. Ido na saurin ganin ɗan canji cikin duhu, saboda haka minti goma na farko ya zama kamar garwashi, sannan ya ƙaru har cikar minti talatin.

Allon ba shi da agogon kansa, daga intanet yake ɗaukar lokaci. Saita shi kan lokacin Saudiyya, wato Asia/Riyadh, ka riƙa gyara cron, manhajar da za ta kunna fitilar a lokacin da ka tsara, bisa jadawalin salla na Saudiyya, wato Ummul Ƙura, tunda lokacin asuba yana matsawa.