Tambayoyinku: Baba Zai Sayar da Fuloti Don In Karanta Zayyanar Birane a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digirin farko a zanen gine-gine, ina bautar ƙasa. Ina son yin digiri na biyu a zayyanar birane, kwas ɗin da ya haɗa zanen gini da tsara gari. Mahaifina ya ce zai sayar da fulotinsa ya tura ni Ingila. In amince? (Wata mai karatu daga Katsina)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. A dakata tukuna, kada Baba ya kira dillali. Wannan digirin duk kyansa ba ya ba da lasisin aiki. A Najeriya hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke yi wa masu zanen gine-gine rajista, TOPREC kuma ta 1988 ita ce ta masu tsara birane. Hanyar ARCON da aka saba ita ce digiri na biyu a zanen gine-gine shi kansa, sai aiki a ƙarƙashin mai rajista, sannan jarrabawa. Idan kika tsallake wannan, za ki dawo da takarda mai tsada, amma ba ki da hatimin bugawa a kan zane. Saboda haka ki fara ƙarasa naki na zanen gine-gine a gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zanen gine-gine mafi daɗewa a ƙasar, ga kuma sashen tsara birane. Jami'ar Bayero ma tana da duka biyun.

Ba ina hana ki ba ne, wallahi ina so ki yi karatun nan. Ki zaga unguwannin awon igiya a Kano ko Katsina ki gani. Gida a ciki tsaf, har da tayil, amma lungun motar kashe gobara ba ta shiga, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, an cike kududdufi an yi gini, damina na zuwa ruwa ya rasa hanya sai ɗakunan mutane. Mai zanen gini aikinsa ya tsaya a katanga. Mai tsara gari yana kan taswira, yana ware nan kasuwa, can gidaje. To wa zai yanke faɗin titi, da inda inuwa za ta sauka da azahar, da inda 'yan adaidaita za su tsaya ba su toshe hanya ba, da inda tsohuwa za ta tsallaka titi lafiya? Wannan ne aikin da kike nema, kuma masu yin sa kaɗan ne a wurinmu. Ko Abuja, bayan an kammala babban tsarinta a 1979, sai da aka ɗauko Kenzo Tange daga Japan ya zayyana tsakiyar birnin.

Batun Ingila kuwa, yawancin digiri na biyu a can shekara ɗaya ne, kuma kuɗin makarantar baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, wato Chevening, yana biyan kuɗin makaranta da na zama, amma yana buƙatar shekara biyu ta aiki. Kin ga aikin da za ki yi don rajista shi zai cika miki wannan sharaɗin, fulotin Baba kuma yana nan. Wajen zaɓen jami'a, ki nemi ganin ayyukan ɗalibansu na bara. Idan lacca ce zalla babu zane a situdiyo, ki wuce. Tun yanzu ki fara tara zanenki, don shi jami'o'in suke dubawa sosai. Ki ɗauki unguwarku, ki auna lungunanta, ki zana yadda za a gyara ta ba tare da an rushe wa kowa gida ba.

Tambaya: Wace kwamfuta zan saya don wannan kwas? (Wani ɗalibi daga Gusau)

Amsa: Malam, ka nemi mai RAM 16GB aƙalla da katin hoto na daban, don manhajojin zane na Revit da Rhino suna da nauyi. Revit a Windows kawai yake aiki, ka tuna da haka kafin MacBook ta burge ka. Idan wadda aka yi amfani da ita za ka saya, ka gwada batirinta a shagon kafin ka biya. Manhajar taswira kuwa, QGIS kyauta ce, da ita za ka fara.